Jinya, likita ko wuƙa: agwagwar da kare ko muzuru ya kama

Agwagi biyu aka ji mini wa ciwo a damina ɗaya, a gidanmu da ke bayan Samaru a Zariya, kuma wanda na fid da rai da shi ne ya rayu. Na farko toro ne. Wani kare ya shigo da asuba ta inda katanga ta zube, ya cafke shi a gadon baya, ya ɗaye masa fata kamar faɗin tafin hannuna, ga tsoka nan ja wur a fili. Da surukata ta leƙo ta gani sai ta ce, "Ke 'yar nan, kira Malam ya zo da wuƙa tun bai zama mushe ba." Ta biyun mace ce mai kwanci, bayan kamar wata guda. Muzuru ya dirar mata cikin dare, na kore shi da muciya, na haska ta da tocila ban ga komai ba sai 'yan huda biyu a gindin wuya, jinin ko cokali bai cika ba. Na shafa mata jibi (GV), maganin nan mai launin shuɗi da ake sa wa ciwo, na koma na kwanta. Washegari ta ci dusa ta koma kan ƙwanta. Kwana na biyu da la'asar na tarar da ita a takure, fukafukai a sake, kafin isha ta mutu. Toron kuwa sati biyar ya yi yana jinya, ya tashi garau.

Tun daga lokacin na bar auna rauni da faɗinsa. Tambayata yanzu ita ce: haƙorin wa ya shiga, a ina ya shiga, kuma a fata ya tsaya ko ya nutsa? Amsar ce ke nuna wa mutum ko ya yi jinya a gida, ko ya nemi likitan dabbobi, ko ya ɗauko wuƙa. Kuma ukun nan ba jira ɗaya suke yi ba, wata ƙofar kafin azahar ta rufe.

Rabin awan farko dai babu zaɓi a cikinsa. A naɗe ta da tsohon zani, fukafukai a manne da jiki, ƙafafu a ciki, don farcen agwagwarmu ta gida yanka yake kamar reza, balle na toro. Kada a matse ƙirji, domin da motsin ƙashin ƙirji tsuntsu ke numfashi, in aka rungume shi tsam sai a shaƙe shi ba a sani ba. Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsabta minti biyar cur, ban da ɗagawa ana leƙe. Daga nan a sa ta a kwali mai huji, a ɗaki mai duhu, nesa da yara da sauran agwagi. Ban da ɗura. Ƙofar hanyar numfashi tana nan a gindin harshe, agwagwar da ke cikin firgici ruwan sai ya wuce mata huhu. In ta natsu, sai a bi jikinta da yatsa ana buɗa gashi: wuya, ƙarƙashin fukafukai, cinya, gindin wutsiya. Duk inda aka ga huda ɗaya a nemi 'yar'uwarta a ɗaya gefen, tunda da muƙamuƙi biyu ake cizo. A sa safar hannu ko a ɗaura leda, saboda yawun karen yana nan a gashinta. Idan kuma wurin ƙwato ta karen ya taɓa mutum, to agwagwa ta jira: a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti a ranar, don ciwon haukan kare ba a yi masa "bari mu gani".

Bari in fara da wuƙa, ita ce mutane ke jin nauyin ambata, ita ce kuma ta fi saurin wucewa. Idan hanji ya fito, ko baya ya karye ƙafafu biyu sun mutu, ko ana ganin kumfar jini a baki da hanci tana kokawa da numfashi, jinyar gida azabtarwa ce kawai. A nan akwai abin da ya kamata mai kiwo ya sani ta fuskar addini. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta abin da namun daji suka ci sai wanda aka riska aka yanka, amma malamanmu na Malikiyya sun ce idan raunin ya kai makasa, kamar tsinkewar laka, ko tarwatsewar ƙwaƙwalwa, ko zubowar kayan ciki, ko hujewar hanji, ko yankewar jijiyar wuya, to yankan ba ya halatta naman. A irin wannan hali hutar da ita za a yi, a binne.

Inda raunin bai kai nan ba, kuma dama agwagwar ta tukunya ce ko ta kasuwa, ban ga laifin wanda ya yanka nan take ba, ya yanke wurin cizon ya zubar, ya dafa sauran sosai. Sharaɗin kawai a yanke shawara a ranar. Wadda ta kwana biyu ciwo ya ci jikinta, namanta bai ciyuwa. Wadda kuma aka fara ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, an rufe wa kai ƙofar yanka na makonni, domin maganin yana zama a nama da ƙwai. Kowane magani da wa'adinsa a jikin kwalba, kuma a inda ba a rubuta na agwagwa ba, ƙa'idar da likitoci a Turai suka daɗe suna bi kafin 2022 ita ce aƙalla kwana 7 ga ƙwai, kwana 28 ga nama. Mafi munin lissafi shi ne wanda na sha gani: a yi kwana uku ana barbaɗa magani, a ga ba ta tashi ba, sannan a ruga a yanka. An yi asarar magani, an kuma ci saurarsa a miya.

Sai likita. Akwai raunin da in ba shi ba babu wata hanya, kuma na farko a cikinsu shi ne cizon kyanwa ko muzuru, komai ƙanƙantarsa. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura, yana kai ƙwayar cuta can cikin tsoka, fata ta koma ta rufe. Ƙwayar da ke bakinta, wadda likitoci ke kira Pasteurella multocida, ita ce dai mai haddasa kwalarar kaji, kuma in ta shiga jinin tsuntsu kwana ɗaya zuwa uku ya ishe ta. Duk abin da za a shafa a waje ba ya isa inda take. Abin da ke ceto shi ne maganin sha ko allura tun a awannin farko, galibi amoksisilin da aka haɗa da kilabulanik. Ni da na san haka a daren nan, da asuba zan ɗauki agwagwata a kwali in tafi. Hudar farcen shaho ko shirwa, da cizon tunku da na gafiya, duk a wannan layi nake sa su, tunda su ma ciki suke nutsawa bakin raunin ya rufe.

Cizon kare kala biyu ne. Wani ɗaye fata yake yi, kamar na torona. Wani kuwa damƙa ce da girgizawa: a waje huda huɗu, a ciki tsoka ta dagargaje. Tsuntsu yana da jakunkunan iska tara a jikinsa, in haƙori ya fasa ɗaya sai a ga fata ta kumbura kamar balan-balan, in an danna ana jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa. Wannan na likita ne. Haka in tana shan ruwa ana ganin yana ɗigowa ta raunin wuya, hanyar abinci ta yage ke nan, sai ɗinki. Haka karayar da ƙashi ya fasa fata. Shi ɗinki yana da wa'adi, awa shida zuwa takwas ne lokacin da rauni ke da saurin karɓarsa, kuma raunin cizo sau da yawa likita yakan bar wani ɓangare a buɗe don ruwa ya riƙa fita. Masu ɗaukar zare da allurar ɗinki a gida su yi haƙuri: fatar tsuntsu ba ta da kauri, zaren yana yaga ta, ga shi an kulle datti a ciki.

Wani abin da likita ke da shi wanda babu a gida shi ne maganin zogi da ya dace, meloksikam, gwargwadon nauyinta. Kada a yi karambanin ba ta na mutane, musamman diklofenak. Shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya ta hanyar lalata musu ƙoda, har ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba a ƙiyasta shi da na yaro ko na akuya, jikin tsuntsu yana saurin narka magani, abin da ake ba shi a kan kowane kilo ya sha bamban.

Aibin wannan hanya kuɗi ne da nisa, ba sai an ɓoye ba. Mu a nan muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a kusa, akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa. Amma wanda ke ƙauye, kuɗin mota da kati da magani na iya kamo kuɗin agwagwar kanta. Ni lissafina, uwa mai kwanci da iya reno ta cancanci a kashe mata, domin garke ce guda a jikinta. Toron sayarwa kuwa sai a duba aljihu. Akwai kuma tsaka-tsaki: a ɗauki hoton raunin da haske mai kyau, a aza ta a sikeli a san nauyinta, a tura wa likita ta WhatsApp ya faɗi magani da adadi. Likita nake nufi, ba duk wanda ke zaune a shagon maganin dabbobi ba, don wani abin da ke kan kantarsa kawai zai miƙo. Idan kan ƙwai take, a mayar da su ƙarƙashin wata agwagwar ko kaza kafin su huce, a tuna kuma kwana 35 ƙwan agwagwarmu ke yi.

Jinyar gida ta raunin da ya yi faɗi ne bai yi zurfi ba, ga agwagwar tana tsayawa da ƙafafunta, numfashi lafiya, tana kallon abinci. Abin mamaki ne yadda fatar tsuntsu ke haɗewa in an tsare ta daga datti da ƙuda. Sai dai a nan ake tafka ɓarna, don kowa ya shigo gidan da maganinsa a baki.

Wanda ya fi kowanne aiki shi ne mafi arha, ruwan gishiri. A tafasa lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, zafi kawai zai yi mata. A rage gashin gefen raunin da almakashi, ban da figa, don figa na ƙara yaga fata. A zuƙi ruwan da babban sirinji marar allura a riƙa fesawa har ƙasa da gashi da gudan jini su fita. Ni ranar farko sai da na ƙarar da litar duka a bayan toron nan. Abin kiyayewa ɗaya: ramin da ya nutsa a ƙirji ko ciki ba a tura masa ruwa, kada ya gangara jakar iska.

Bayan wanki sai aidin, amma aidin iri biyu ne a kemis. Akwai fobidon, mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa, shi ake so, a sirka shi da ruwan gishirin nan har ya koma launin shayi marar ƙarfi. Akwai kuma tsohon aidin mai sifirit a ciki, mai raɗaɗi, wannan ƙona sabon nama yake yi. Sifirit kansa haka, haka ma haidurojin mai kumfa. Kumfar nan tana burge mutane, ana ganin kamar datti ke fita, alhali tana kashe tsokar da ke ƙoƙarin tsirowa, kullum aka zuba sai a mayar da hannun agogo baya. Dettol da Izal kuwa na wanke akurki ne da kwano.

Jibi da feshin nan shuɗi na shagon dabbobi, wanda yawanci oksitetirasaikilin ne haɗe da jibin, suna da amfaninsu. Suna busar da ƙaramin ƙujewa, ba sai an taɓa da hannu ba, kuma suna ɓoye jan nama, kaji su daina tsattsaga. Amma abin da suka ɓoye wa kaji sun ɓoye wa mai jinya, ba ta ƙara ganin ko naman ja ne ko ya fara baƙi. Ba sa kuma shiga rami, agwagwata mai kwanci shaida ce. Ga shi a 2019 hukumar lafiya ta Kanada ta janye jibi daga kasuwa saboda fargabar ciwon daji, har da wanda ake sa wa dabbobin da ake ci. Ni yanzu ƙujewar ƙafa ko ta fiffike kawai nake fesa wa, kuma ba ga wadda za a yanka kwana kusa ba.

Ga babban rauni mai faɗi, zuma ta fi su duka a wurina. Tana jan ruwa daga ciwon, ƙwayoyin cuta ba sa iya zama a cikinta, kuma tana hana wurin bushewa ya tsattsage. Da ita na yi jinyar toron: wanki da safe, a shafa zuma siriri, a ɗora bandeji mai taushi, a zagaya ta ƙarƙashin fukafukai ba tare da an ɗaure ƙirji tam ba, gobe a sake. In bandejin ya manne a jiƙa shi da ruwan gishiri kafin a ɗaga. Matsalarta biyu. Ta farko, zumar kasuwa da yawa sukari ne aka dafa, sai a nemi ta wurin mai amya da aka yarda da shi. Ta biyu cinnaka da kwarkwasa. Daren farko da na sa masa, ƙarfe biyu na ji yana buge-buge, na tarar da layin tururuwa har cikin kwali. Daga ranar na ɗora kwalin kan benci, na tsoma kowace ƙafar bencin a gwangwanin ruwa, na lulluɓe da yankin tsohon gidan sauro. Gidan sauron nan shi ne rabin jinyar damina, domin ƙuda in ya yi ƙwai a rauni, cikin kwana ɗaya sun zama tsutsa. In an riga an makara, a cire su ɗaya-ɗaya da matsefata, a wanke, a sake dubawa da yamma, don wasu na ɓuya ƙarƙashin fata.

Man kaɗanya da basilin ba guba ba ne, amma maiƙo abokin gabar gashin agwagwa ne. Yana cukurkuɗa shi, ya daina tare ruwa da sanyi, ga ƙura na mannewa. In za a sa, ɗan kaɗan a bakin raunin da ya fara bushewa. Man shafawar nan mai haɗi uku da ake saye don ƙaiƙayi kuwa a nisanta shi, akwai sitiroyid a ciki, shi kuma yana karya garkuwar jikin tsuntsu fiye da yadda yake yi wa mutum.

Sai na gargajiya, kuma a nan muka ɗan yi ja-in-ja da surukata. Ita garin bagaruwa ta kawo, maƙwabciya ta ce toka, wani yaro ya ce a fasa kafso ja-da-yalo a barbaɗa. Ban raina bagaruwa ba, abin da ke sa majema jima da ita shi ne ke sa ta tsuke fata ta tsayar da ɗan jini, a kan ƙarzuwa tana aiki. Amma a kan cizo, duk ukun ɓawo mai tauri suke yi a bisa datti. Kuma mugunyar tsuntsu ba ruwa ba ce irin tamu da za ta fashe ta tsiyaye, daskarewa take kamar awara, ta zauna a ƙarƙashin ɓawon har sai an tsaga an ƙwaƙule. Baƙin mai da kananzir kuwa ko kusa. Na san don korar ƙuda ake shafawa, amma agwagwa wuni take tana gyaran gashi da baki, duk abin da ke bayanta cikinta zai ƙare, kuma tsohon man inji cike yake da dattin ƙarfe.

Kwana na uku da jinyar toron na buɗe bandeji na ga gefen raunin ya yi kore shar. Surukata ta riƙe baki ta ce, "Ai ga shi nan, ya ruɓe. Da kin ji maganata da tuni an ci an manta." Na ce, "Hajiya, a ba ni zuwa azahar." Na tura hoto, likita ya kira yana dariya ya ce, "Malama, sunsuna ki ji, yana wari?" Babu wari. Ashe kwanciyar jini a jikin tsuntsu kore take komawa bayan kwana biyu ko uku, sannan ta washe. Ruɓa ta gaskiya da wari take zuwa, naman ya yi baƙi ya yi sanyi, agwagwar ta bar cin abinci. Wannan, ko numfashi da baki a buɗe wutsiya na sama da ƙasa, ko kumburi mai zafi, ko wuni guda ba ta taɓa abinci ba, alama ce jinyar gida ta kai iyakarta, sai maganin sha ko allura.

Abu na ƙarshe da ya bambanta jinyar agwagwa da ta kaza shi ne ruwa. Ba za ta yi wanka ba sai raunin ya rufe, balle shiga kwata ko kududdufi, amma dole ta sami inda za ta tsoma kai har idanu, don da haka take wanke hanci, kuma ba ta iya haɗiye busasshen abinci ba ruwa. Ni robar lemo babba na yanke, kai na shiga, jiki ba ya shiga, na ɗaure ta a kusurwar kwali. Kwana biyun farko ruwan gishiri da sukari na kemis na sa a ciki, leda ɗaya a lita. Shimfiɗa tsohon zani ne ko buhu, ana canzawa safe da yamma, ban da dusar katako da ɓuntun shinkafa masu mannewa a ciwo. Abinci kuwa dusa da tsaki a dama da ruwa, a ƙara dafaffen ƙwai ko gara, don nama da nama ake gina shi.

Ranar da na fara sakin toron a baho, bayan fata ta haɗe, sai na ga yana nutsewa har rabin jiki, gashin ya jiƙe sharkaf kamar tsumma, saboda sati biyar bai shafa masa man gindin wutsiya yadda ya saba ba. Minti biyar na cire shi na ajiye a rana. Haka muka riƙa yi kullum da hantsi, yana fita yana gyaran gashi, sai da aka kwashe kwana kamar goma kafin ruwa ya koma gangarewa a bayansa. Ban mayar da shi cikin 'yan'uwansa ba sai da Malam ya ɗora bulo huɗu a inda katangar ta zube, aka kuma yi wa akurkin ƙofar da ake sakatawa da dare.